Kalmar “Redeem” ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Yadda Ake Amfani da Ita

1. Gabatarwa

Akwai waɗansu kalmomin Ingilishi da ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati yakan ci karo da su a wurare masu nisa da juna, har ya yi zaton ba kalma ɗaya ba ce. “Redeem” tana daga cikinsu. Akan same ta a takardar jinginar gida, da takardun bashin da gwamnati ke sayarwa, da littattafan addinin Kirista, da sunayen jam'iyyun siyasa, har ma da fuskar wayar hannu inda ake neman mutum ya shigar da lambar katin kyauta. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar an jera mata ma'anoni barkatai, watau fansa, da ceto, da biyan bashi, da cika alkawari, da musanya, da wanke suna. Idan ya haddace su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ga igiyar da ta ɗaure su ba, ba zai daɗe ba zai ruɗe. Ruɗewa a kan wannan kalma kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a wani wurin gidan mutum ne ko gonarsa ke rataye a kanta.

Manufar wannan lacca ita ce ta bi sawun kalmar tun daga harshen Latin har zuwa bakin mutanen yau, ta nuna cewa ma'ana ɗaya ce tak ta yi rassa, watau mutum ya biya wani abu domin ya komo da abin da dā ma nasa ne. Duk inda kalmar ta bayyana akan sami abubuwa huɗu: abin da ya fita daga hannu, da wanda ke riƙe da shi, da farashin da za a biya, da kuma mai biya. Wanda ya iya neman waɗannan huɗu a cikin jimla ya gama fahimtar kalmar.

2. Asalin kalmar

Tushen “redeem” shi ne aikatau na Latin “redimere”, wanda aka gina da sassa biyu. Na farko ɗafa-goshi ne, “re-”, mai ma'anar komowa ko maimaitawa. Na biyu shi ne “emere”, wanda tun can farko yake nufin ɗauka, daga baya ya koma nufin saye. Harafin “d” da ke tsakaninsu ba na banza ba ne, domin a Latin idan wannan ɗafa-goshi ya zo gaban wasali yakan zama “red-”, kamar yadda ake gani a cikin “redundant” da “redact”. Ke nan ma'anar kalmar ta asali ita ce sake sayen abu, ko sayo shi ya dawo gida.

Rumawa sun yi amfani da ita wajen fanso waɗanda aka kama a yaƙi, da fanso kayan da aka jinginar. Haka kuma sukan kira ɗan kwangila “redemptor”, watau mutumin da ya karɓi aikin gini ko aikin tara haraji daga hannun hukuma bisa wani farashi da aka yanke. Wannan ya nuna cewa kalmar ta kasuwa ce da ta ofis tun kafin ta shiga bakin malaman addini.

Shi wannan aikatau “emere” ya haifa wa Ingilishi 'ya'ya da yawa waɗanda ba a cika lura da danginsu ba. Daga gare shi aka sami “exempt”, watau a ɗauke wa mutum wani nauyi, da “example”, watau abin da aka zaro daga cikin tari don a nuna, da “premium”, da “prompt”, da “pre-empt”. Harafin “p” da ke cikin “redemption”, wanda babu shi a “redeem”, gadon Latin ne shi ma, gama a can “p” yakan kutsa tsakanin “m” da “t” don sauƙin furuci.

A nan ya kamata a kawar da wani zato da ɗalibai kan yi, cewa “redeem” haɗi ne na “re-” da “deem”. Kama da wane ba ta wane. “Deem” tsohuwar kalmar Ingilishi ce tun ta zamanin Anglo-Saxon, mai ma'anar yanke hukunci ko ɗaukar abu a wani matsayi, kuma 'yar'uwar “doom” ce. Babu abin da ya haɗa ta da saye ko sayarwa.

3. Shigarta Ingilishi

Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni, Latin kuma na coci da na ilmi. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne kalmar ta shiga, kuma ba sau ɗaya ta shiga ba.

Wadda ta fara isowa ita ce “ransom”, a ƙarni na 13. Asalinta “redemptionem” ne na Latin, amma bakin Faransawa ya tauna ta shekara da shekaru har ta ƙanƙance ta zama “raençon”. A ƙarni na 14 sai malamai suka sake ɗauko ita wannan kalma da cikakkiyar siffarta, ta zama “redemption”. Shi kuwa aikatau “redeem” sai a farkon ƙarni na 15 ya bayyana a rubuce. Saboda haka “ransom” da “redemption” tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ɗaya ta tsaya a kan kuɗin da ake biya don a sako wanda aka kama, ɗayar kuwa ta yi yawo ta shiga addini da shari'a da ciniki.

Abin sha'awa shi ne Ingilishi ya taɓa gwada ƙirƙiro tasa kalmar. A cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ake dangantawa da John Wycliffe da almajiransa, a ƙarshen ƙarni na 14, an yi amfani da wata kalma da za a rubuta da Ingilishin yau “again-buyer”, watau mai sake saye. Ba ta yi tsawon rai ba. Zuwa lokacin da aka buga fassarar Sarki James a 1611, “redeem” da “redeemer” sun riga sun zauna daram.

4. Fansar mutum

Ma'anar da ta fi kowace nauyi ita ce ta fanso ɗan Adam. A Turai ta tsakiyar zamani kama manyan mutane don a karɓi fansa sana'a ce sananniya. An kama Sarki Richard na Ɗaya na Ingila a 1192 yana kan hanyar komowa daga yaƙi, aka yanka masa fansar mak 150,000 na azurfa, kuma bai fito ba sai a 1194 bayan an tatsi talakawan ƙasarsa da haraji. A 1198 aka kafa ƙungiyar limaman Kirista ta Trinitarian musamman don tara kuɗin fanso kamammu. Su ne suka fanso marubucin nan na ƙasar Sifen, Miguel de Cervantes, a 1580, bayan ya yi shekara 5 a tsare a Aljeriya. A ƙarni na 18 kuma, talakawan Turai da suka haye zuwa Amurka ba tare da kuɗin jirgi ba, akan kira su “redemptioners”, domin sai sun yi wa wani bauta ta wasu shekaru kafin su biya bashin su mallaki kansu.

Wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shari'ar Musulunci ta san fansar kamammu tun daga yaƙin Badar a shekarar 624, inda aka karɓi fansa daga waɗanda ke da hali, waɗansu da suka iya rubutu kuma suka fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina. Ta kuma san yarjejeniyar da bawa kan yi da ubangijinsa ya biya shi kaɗan-kaɗan har ya sami 'yanci. Hausawa suna da “fansar kai”, suna kuma da “murgu”, watau kuɗin da bawa kan riƙa biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi aikin kansa.

Sa'ad da Turawa suka kafa mulki a Nijeriya ta Arewa, dokar da Lugard ya yi a 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma ba ta saki waɗanda ke cikin bauta ba. Hanyar da aka bar musu ita ce su je kotun alƙali a yanka musu kuɗin fansa su biya, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai a 1936. A cikin rahotannin Razdan-Razdan na wancan zamani, kalmomin “redemption” da “ransom” su ne ake fassara “fansa” da su. Ɗalibin tarihi da ya shiga gidan ajiye tsofaffin takardu na Kaduna ya ga waɗannan kalmomi, to ya sani ba maganar addini ake yi ba, maganar mutum ce da ya biya kuɗi ya sayi kansa.

5. Ma'anarta a addini

Daga wannan hoto na fanso bawa ko kamamme ne ma'anar addini ta fito. A cikin dokokin Bani Isra'ila akwai ɗan'uwa na kusa da ake kira “go'el” da Ibrananci, wanda haƙƙinsa ne ya fanso gonar da talauci ya sa danginsa ya sayar, ko ya fanso shi kansa dangin idan ya faɗa bauta. Sa'ad da Jerome ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, kalmomin “redimere” da “redemptor” suka ɗauki wannan nauyi. A koyarwar Kirista, ɗan Adam ya faɗa cikin bautar zunubi, Almasihu kuwa ya biya fansarsa da ransa, shi ya sa suke kiransa “the Redeemer”, wanda Kiristoci masu jin Hausa ke cewa Mai Fansa. Babban mutum-mutumin da aka gama a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil a 1931 wannan suna yake ɗauke da shi, haka ma cocin Redeemed Christian Church of God wanda Josiah Akindayomi ya kafa a Ikko a 1952.

Musulunci ba shi da wannan aƙida ta wani ya ɗauke wa wani zunubi. Yana da “fidya” da “kaffara”, waɗanda mutum ke bayarwa a kan abin da ya shafe shi shi kansa, yana kuma da labarin ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, wanda ake tunawa a kowace Babbar Salla. Saboda haka mai fassara ya wajaba ya yi hattara, ya san addinin da rubutun ke magana a kansa kafin ya zaɓi kalma, don kada ya sanya wa wani aƙidar da ba tasa ba.

6. A gaban shari'a

Ga ma'aikacin da ya ci bashin gina gida, wannan shi ne sashen da ya fi shafarsa. A tsohuwar dokar Ingila, mai neman bashi yakan miƙa mallakar filinsa ga mai ba da bashi, bisa sharaɗin cewa idan ya biya ran da aka ajiye filin zai komo gare shi. Idan ya makara ko da kwana ɗaya ne, fili ya tafi har abada, ko da kuwa darajarsa ta ninka bashin sau goma. A ƙarni na 17 kotun da ake kira Chancery ta ga wannan zalunci ne, ta ce fili jingina ce kawai, kuma mai shi yana da ikon fanso shi ko bayan ranar ta wuce, muddin ya biya uwar kuɗi da kuɗin ruwa da abin da aka kashe. Wannan iko shi ake kira “equity of redemption”. Kotuna sun kuma hana a sanya wani sharaɗi a cikin takardar jingina wanda zai toshe wa mai dukiya hanyar fansa.

Amma fa ikon ba marar iyaka ba ne. Mai ba da bashi yana iya zuwa kotu ya nemi a rufe wannan ƙofa, abin da ake kira “foreclosure”, ko kuma ya sayar da dukiyar bisa ikon da doka ko takardar jingina ta ba shi. Da zarar an yi haka, fansa ta ƙare. Nijeriya ta gāji waɗannan ƙa'idoji tare da sauran dokokin Ingila da aka shigo da su zamanin mulkin mallaka. Don haka duk wanda zai sa hannu a takardar jingina, ya fara neman inda aka rubuta “redemption”, ya san ranar, ya san adadin, ya san abin da zai biyo baya idan ya gaza.

A nan Hausa da Ingilishi sun haɗu sosai. Manomin da ya jinginar da gonarsa, wanda ya ba shi kuɗi yana nomanta, ran da ya mayar da kuɗin akan ce ya fanshi gonarsa. Bature ma haka zai ce, “he redeemed his farm”. Haka kuma wanda ya ajiye agogonsa a wurin mai karɓar jingina ya dawo ya biya ya karɓa.

7. A harkar kuɗi

Idan gwamnati ko kamfani ya sayar da takardar bashi, ya yi alkawari ke nan zai sake sayenta ran da wa'adi ya cika. Wannan rana ita ce “redemption date”, biyan da aka yi kuwa shi ne “redemption”. A nan mai fansa shi ne wanda ya ci bashin, abin da yake fansowa kuma takardar alkawarinsa ce. Akwai takardun da ba a yanka musu wa'adi ba, kamar “consols” na gwamnatin Ingila waɗanda aka fara fitarwa a 1751, ana ta biyan kuɗin ruwansu tsara bayan tsara, sai a 2015 aka fanshe na ƙarshensu.

A cikin basussukan da aka gama biya a wannan shekara akwai wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Sa'ad da Majalisar Ingila ta yi dokar soke bauta a ƙasashen da take mulka a 1833, ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya, kuma iyayengijin bayi aka biya, su bayin ba su sami ko anini ba. Bashin da aka ciwo a 1835 don wannan biya an narkar da shi cikin waɗancan takardu marasa wa'adi. Ke nan ma'anoni biyu na kalmar suka haɗu a wuri ɗaya, fansar mutane da fansar takarda, shekara 180 a tsakaninsu.

Takardar kuɗi ita ma asalinta alkawari ce. A dā mai riƙe da ita yana iya kai ta banki a ba shi zinariya ko azurfa, shi ya sa ake cewa tana “redeemable”. Ingila ta bar ma'aunin zinariya a 1931. Amurka kuma a 1971, zamanin Shugaba Nixon, ta daina ba gwamnatocin waje zinariya a kan dala 35 kowace oza. Duk da haka kalmar ba ta mutu ba. A lokacin canjin takardun naira, cikin jawabinsa na watan Fabrairu 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi amfani da “redeemable” game da tsofaffin takardun naira 500 da 1,000, yana nufin ana iya kai su Babban Bankin Nijeriya a karɓi darajarsu. Kalmar ba ta nufin ana iya cefane da su a kasuwa, domin wannan wani abu ne dabam da ake kira “legal tender”. Wanda bai bambance biyun ba yana iya yin asara.

8. A fagen siyasa

'Yan siyasa sun daɗe da gane ƙarfin wannan kalma, domin duk wanda ya kira kansa mai fansa ya riga ya ce ƙasa tana hannun wanda bai cancanta ba. A 1978 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa People's Redemption Party, watau PRP, mai alamar mabuɗi, wadda ta ci kujerun gwamna na jihohin Kano da Kaduna a zaɓen 1979, inda Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka hau mulki. Abin da sunan ke nufi shi ne ceto talaka daga hannun masu danne shi. A Gana, sojojin da suka kifar da gwamnatin Busia a 1972 ƙarƙashin Kanar Acheampong sun kira majalisarsu National Redemption Council. A Laberiya ma, Samuel Doe ya kira tasa People's Redemption Council bayan juyin mulkin 1980.

Amma suna ba ya tabbatar da aiki. A kudancin Amurka, bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, fararen fatar da suka ƙwace mulkin jihohi zuwa shekarar 1877 sun kira kansu “Redeemers”. Abin da suka fanso shi ne ikonsu na dā, waɗanda suka biya farashin kuwa baƙar fata ne, da aka bi aka hana su jefa ƙuri'a shekaru masu yawa. Wannan ya isa darasi ga ɗalibin siyasa, cewa duk inda ya ji ana maganar fansa ya tambaya, wa za a fansa, daga hannun wa, kuma wa zai biya.

Daga wannan tushe ne har wa yau aka sami “irredentism”. Bayan haɗewar Italiya a ƙarni na 19, masu kishin ƙasa sun kira yankunan Trento da Trieste, waɗanda suka rage a hannun Austriya, da sunan “irredenta”, watau waɗanda ba a fanso ba tukuna. Yanzu akan yi amfani da kalmar ga duk ƙasar da ke da'awar wani yanki na maƙwabciyarta saboda dangantakar harshe ko jini, kamar da'awar Somaliya a kan Ogaden wadda ta kai ga yaƙin 1977.

9. A maganar yau da kullum

A bakin talakan Ingila ko na Amurka na yau, ma'anar da ta fi yawa ita ce mafi sauƙi, watau a miƙa wata takarda ko lamba a karɓi kaya. Wannan ya yaɗu ne da zuwan kan sarkin ciniki da kantuna ke ba masu saye, irin na kamfanin Sperry and Hutchinson da aka kafa a Amurka a 1896, da Green Shield Stamps na Ingila daga 1958. Mutum yakan tara su a littafi, ya kai wani shago na musamman ya musanya da tukunya ko agogo. Yau katin kyauta da lambobin rangwame na intanet sun maye gurbinsu, kuma maɓallin da ake latsawa “Redeem” aka rubuta a kansa. Abin lura shi ne darajar katin tana cikin lambar, kuma sau ɗaya ake cin moriyarta. Duk wanda ya fara shigar da ita shi ya ci, shi ya sa 'yan damfara kan nemi a karanto musu lambar ta waya.

Sai kuma ma'anonin da suka shafi hali da mutunci. Idan aka ce “he redeemed himself”, ana nufin mutum ya yi abin kunya a baya, sa'an nan ya yi wani abin kirki da ya wanke shi, kamar mai tsaron gida da ya bari aka ci shi a farkon wasa, daga baya ya tare bugun fanareti. “A redeeming feature” shi ne ɗan abin kirki guda da ke rage munin abu, kamar gida mai yoyo da duhu amma yana kusa da rijiya. “Beyond redemption” da “irredeemable” kuwa ana faɗinsu ga abin da ya lalace har ba shi gyaruwa. A duk waɗannan, abin da aka rasa suna ne ko daraja, farashin kuwa aiki ne.

A Ingilishin Nijeriya an fi jin “redeem a pledge”. A wurin bikin ƙaddamar da littafi ko gidauniyar gina makaranta, manya kan yi alkawarin kuɗi a bainar jama'a, daga baya sakatare ya bi su da wasiƙa yana roƙon su “redeem” abin da suka faɗa. Amfani ne ingantacce, kuma hikimarsa a fili take. Mai alkawari ya jinginar da maganarsa ne, ba zai karɓo ta ba sai ya biya. Hausawa ma sun ce alkawari kaya ne.

10. Nahawu da fassara

Kalmar gaɓa biyu gare ta, ana furta ta kamar “ridiim”, da nauyin murya a kan ta biyu. Aikatau ne so-karɓau, watau dole a ambaci abin da aka fansa. Idan “from” ya biyo baya, yana nuna hannun da aka karɓo abin. Idan “for” ne, yana nuna abin da aka samu a musanya. Ba daidai take da “refund” ba, wanda shi ne mayar wa mai saye kuɗinsa, ba kuma daidai take da “rescue” ba, domin ana iya ceton mutum daga ruwa ba tare da an biya kowa ba.

Wajen fassara, “fansa” ita ce ta fi kusa, amma kowace daga cikin kalmomin biyu tana da filin da ɗayar ba ta shiga. Bahaushe yakan ce ya fanshi Alƙur'ani, domin girmamawa ta hana shi cewa ya saya, Bature kuwa ba zai sa “redeem” a nan ba. Bahaushe yakan ce an ɗauki fansa, yana nufin ramuwar gayya, wannan kuwa “revenge” ne a Ingilishi, kuma wanda ya fassara shi da “redemption” ya juya maganar gaba ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren, babu wanda zai ce ya fanshi alkawari ko ya fanshi katin kyauta. Sai dai ya cika alkawari, ya yi amfani da kati, ya biya bashi, ya wanke kansa.

11. Kammalawa

An ga yadda kalma ɗaya ta taso daga kasuwar Rumawa, ta bi ta coci da kotu da baitulmali da dandalin siyasa, har ta iso wayar hannu, ba tare da ta saki ma'anarta ta farko ba. Abin da ya rage ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne su mai da tambayoyin nan huɗu al'ada duk lokacin da kalmar ta zo gabansu a fayil ko a littafi: mene ne ya fita hannu, wa ke riƙe da shi, nawa ne farashin, wa zai biya. Idan takarda ce ta shari'a ko ta kuɗi, sai su ƙara ta biyar, watau yaushe ne wa'adin, domin a irin waɗannan takardu ikon fansa yana da ranar da yake ƙarewa.